An Gan Ni a Ƙofar Likitar Ƙwaƙwalwa

Jama'ar wannan shafi, na ga ƙorafinku. Masu cewa na ɓace, masu tambayar ko Malam ne ya sace ni, da 'yar uwar nan da ta rubuta cewa ƙila an ɗaura auren ba a gayyace ku ba. Ina ma a ce haka ne. Ku gyara zama, yau ba labarin dariya na zo da shi ba. Farkon nan ma na rubuta na goge ya fi a ƙirga kafin na bar shi haka.

Ga wanda bai san ni ba, ni nas ce. Tun da annobar nan ta shigo aka ɗauke ni daga ɗakin yara aka mayar da ni ɗakin da ake killace waɗanda suka kamu. Malam kuwa shi ne wanda zan aura in Allah Ya yarda. Malamin lissafi ne a sakandare, dogo, mai sanyin magana, wanda ko faɗa kike nema da shi sai ya ce miki, "To, bari mu duba." Tun da aka rufe makarantu ba shi da aikin da ya wuce turo mini saƙo.

A gida Umma ta kwashe tarkacen ɗakin bakin ƙofa, tsohon keken ɗinki da katifun baƙi, nan ya zama ɗakina. Ni na nemi hakan, kada ku zarge ta. Umma na da hawan jini ga ciwon suga, Abba kuma rufe hanyoyi ya ritsa da shi a wajen aikinsa, mu biyu ne rak a gidan. In na dawo, akwai bokiti da sabulu a bayan ƙofa. Nan zan cire takalmi, in jiƙa kayana, in yi wanka, kafin ma in ce mata sannu da gida. Farantina da kofina daban, ta ɗaura musu jan zare don kada su haɗu da sauran. Abinci kuwa a kan 'yar kujera take ajiye mini a tsakar gida, ta ja da baya, sannan in fito in ɗauka. Rabona da in kwantar da kai a cinyarta ta tsefe mini kitso, har na manta.

Duk wannan ina iya ɗauka. Abin ya fara fin ƙarfina ne daga lokacin da Rediyo ta kwanta.

Rediyo ƙawata ce tun makarantar koyon jinya. Sunan ya bi ta ne don bakinta ba ya mutuwa. Ko cikin takunkumi biyu da tabarau sai ta ba majinyata dariya. Ita ce za ta shiga wajen tsohon da ya ƙi cin abinci ta ce masa in bai ci ba ta fasa aurensa. Wata rana muna tsaka da aiki ta ce mini, "Ke, turaren wanke hannun nan sun daina sa masa ƙamshi ne?" Na dube ta, ta dube ni. Mu duka mun san ɗaukewar jin ƙamshi alamar cutar ce. Kafin mako ya zagayo tana kan gadon kusa da taga, da bututun iska a hanci, a ɗakin da muke aiki tare.

Tun daga nan na fara jin ƙarar. Kun san 'yar na'urar nan da ke kuka in numfashin mutum ya yi ƙasa? Tit, tit, tit. Ina jin ta a cikin firij ɗinmu. Ina jin ta in butar shayi ta tafasa. Ina cikin salla sai in ji ta, in rasa raka'a ta nawa nake. In na kwanta, idona biyu har a kira asuba, ina ƙirga tarin Umma ta jikin bango. Ta yi tari sau ɗaya, in tashi zaune zuciyata na dukan uku-uku: shi ke nan, na kawo mata. Hannuwana kuwa sun tsattsage. In na taɓa ƙofa in wanke, in na wanke in tuna na taɓa famfo, in sake wankewa. Ban gaya wa kowa ba. Me zan ce? Mutane na mutuwa a gabana, ni kuma ina da ƙafafuna ina tafiya, in ce ni ce mara lafiya?

Ran da abin ya faru, da safe ina ɗaura igiyar takalmi Umma ta fito da hijabinta na salla ta tsaya a inda ta saba tsayawa, can kusa da igiyar shanya.

"Auta, Hajiyar Malam ta kira ni jiya."

"Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Ta ce da zarar an buɗe hanya, Abbanki ya dawo, za su zo a tsayar da magana. Amma tana so ta ji matsayin aikin nan naki."

"Wane matsayi kuma?"

"Kin fi ni sani. Ta ce ita ba za ta kai wa ɗanta cuta har gado ba." Ta gyara hijabi. "Ni ma kuma ba don bakinta ba, na gaji. Ki dubi wuyanki yadda ya zama. Ki rubuta musu takarda ki ce kin bari."

"Umma, mu nawa ne muka rage a ɗakin? In kowa ya bari wa zai ba su magani?"

"Ban haifi kowa ba, ke na haifa."

Na ɗauki jaka na fita. A hanya wayata ta yi motsi, Malam ne.

"Ranki ya daɗe, Sista. An tashi lafiya? Jiya na lissafa, na gano kewarki ta ninka ta makon jiya. Ina neman maganin wannan a asibitinku."

Da a da ne da na yi ta murmushi ni kaɗai har a ɗauka na zautu. Ran nan sai na ji haushi ya taso mini ba dalili. Na rubuta, "Lafiya lau. Na shiga aiki." Na kashe wayar.

Sa kayan kariya ma aiki ne. Doguwar rigar leda, hula, takunkumi, wani a kansa, tabarau da ke yin hazo da ka yi numfashi, safar hannu biyu. Kafin ka gama gumi ya fara bin bayanka. Na shiga, na duba na farko, na duba na biyu, na iso gadon taga. Rediyo ta rame, leɓɓanta sun bushe, amma da ta gane ni sai ta ɗaga gira. Ruwan da ake ƙara mata ya tsaya, allurar ta goce, sai an sake neman jijiya. Aikin da nake yi ko ido a rufe. Na kama hannunta, na ɗaure, na ɗauki allura.

Sai na'urar gadonta ta fara kuka.

Daga baya aka ce mini abin auna iskar da ke yatsanta ne kawai ya zame, ba komai ba. Amma a lokacin ban ga wannan ba. Na ji kamar an ɗora mini dutse a ƙirji. Na ja numfashi, bai shiga ba. Na sake ja, bai shiga ba. Hannuna ya hau rawa har allurar ta faɗi ƙasa. Ɗakin ya fara juyawa, kunnuwana suka toshe, abin da ke zuwa mini kawai shi ne: na kamu, yanzu zan mutu a nan, kuma na riga na shafa wa Umma. Ban san lokacin da na saki hannun Rediyo ba. Ban san lokacin da na fita da gudu ba. Na dai tsinci kaina a baranda, durƙushe, na fizge takunkumin da hannun da na taɓa majinyata, abin da ko ɗalibar da ta zo jiya ba za ta yi ba.

Matiron, shugabar nas-nas ɗinmu, ce ta same ni. Mace ce babba, mai faɗa, ko likitoci shakkarta suke ji. Na jira ta balbale ni. Sai ta sa aka wanke ni, aka canza mini kaya, aka ɗauki gwaji, ta kai ni ofishinta ta maƙala mini abin auna iska a yatsa.

"Duba da kanki," ta ce.

Na duba. Lafiya ƙalau, ya fi na kowa kyau.

"Amma Matiron, wallahi numfashina..."

"Na sani. Ba huhunki ba ne, 'yata." Ta kama hannuwana ta juya su, ta daɗe tana kallon tsagar. "Yaushe rabonki da barci?"

Na janye hannuwana.

"Gobe da safe ki hau sama, ƙofar ƙarshe a hannun dama. Zan yi wa likitar magana."

Na san ƙofar. Kowa a asibitin ya san ta. Muna ɗalibai in wata ta yi shirme sai mu ce a kai ta sama. Na miƙe tsaye. "Matiron, ni fa ba mahaukaciya ba ce."

"Wa ya ce miki mahaukaciya ce? Zauna. Yau kin saki allura kin gudu, Allah Ya taƙaita. Gobe in wanda ke hannunki numfashinsa ne ya tsaya da gaske fa? Ba za ki sake shiga ɗakin nan ba sai kin gan ta. Wannan ba shawara ba ce."

Ina hanyar gida na kunna waya. Saƙon Rediyo ne a sama, daga kan gadonta, duk haruffan a hargitse.

"Matsoraciya. Kin ɗaure mini hannu kin gudu kamar kin ga aljani. In na tashi sai na rama."

Na yi dariya, dariyar ta juye kuka a bakin titi. Ƙasa da nata akwai na Malam, jere.

"Na yi laifi ne?"

"Ko aiki ne ya yi yawa?"

"To, Allah Ya ba da sa'a. Ki ci abinci don Allah."

Na rubuta masa komai, tun daga ƙarar firij har ƙofar sama. Na karanta. Na tuna muryar Hajiyarsa. Matar da ke tsoron tari, ina ga ta ji wannan? Na goge duka na tura, "Gajiya ce kawai."

Washegari, wato yau, gwajina ya fito, ba ni da cutar. Na sa doguwar riga ruwan toka da babban mayafi, na ja takunkumi har ƙarƙashin ido, na hau benen ina waige-waige kamar ɓarauniya. Na ɗauka zan tarar da sarƙoƙi da ihu. Ɗaki ne ƙarami, kujeru biyu nesa da juna, fanka na juyawa, da wata 'yar shuka a gwangwani a kan taga. Likitar ba ta girme ni da yawa ba, sanye da tabarau, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Me ya kawo ki?" ta ce.

"Matiron."

Ta yi murmushi, na gani a idonta. "To, Matiron ta kawo ƙafarki. Ke kuma me ke damunki?"

"Ba komai. Na gaji ne."

"In kin kwanta me kike ji?"

Ban san me ke cikin wannan tambayar ba. Bakina ya buɗe shi kaɗai. Na gaya mata ƙarar. Na gaya mata tarin Umma. Na gaya mata tsohuwar da ta riƙe mini hannu tana kira na da sunan 'yarta har ta cika, ni kuma na amsa sunan don babu mai amsawa. Na gaya mata yadda nake jin haushin mutanen da ke dariya a titi ba takunkumi, har in ji kamar in shaƙe su. Na yi kuka har takunkumin ya jiƙe ta ba ni wani. Ba ta katse ni ba, ba ta ce in yi haƙuri ba. Wallahi na gaji da jin a yi haƙuri.

Da na yi shiru ta ce, "Abin da ya same ki jiya firgici ne. Jikinki ya daɗe a tsaye cikin tsoro, bai samu ya zauna ba, shi ne ya yi miki ƙara. Ba hauka ba ne, ba raunin imani ba ne, kuma ana warkewa. Kujerar nan da kike kai, in na gaya miki yawan ma'aikatan asibitin nan da suka zauna a kanta kwanan nan, za ki sha mamaki."

"Su wa?"

"Yadda ba zan gaya musu naki ba, haka ba zan gaya miki nasu ba."

Ta koya mini yadda zan riƙa jan numfashi in abin ya taso. Ta ce za ta sa a ba ni hutu, in riƙa zuwa muna magana, in barci ya ci gaba da ƙi a duba batun magani. Ta tambaye ni ko akwai wanda zan iya gaya wa a gida. Na ce babu. Ta ce in sake tunani.

Na fito ina jin kamar an sauke mini kaya daga ka. Har na fara cewa a raina, ashe abin bai kai yadda nake tsoro ba. Ina ja ƙofar, na ɗaga ido.

Yayar Malam.

Tagar karɓar magani tana fuskantar ƙofar, ita kuma tana kan layi, da alama maganin Hajiyarsu ta zo karɓa. Takunkumi ko ba takunkumi, mace ba ta ɓace wa dangin miji. Ta dube ni, ta ɗaga kai ta karanta allon da ke saman ƙofar, ta sake dubana.

"A'a, amaryarmu? Lafiya?"

"Ina kwana, Yaya. Lafiya lau. Saƙo aka aiko ni."

"Ayya. Ba kayan aiki?" Idonta na kan nawa da suka kumbura.

Kafin in haɗa wata ƙaryar, ƙofar bayana ta buɗe, mai taimaka wa likitar ta leƙo. "Sista, kin tafi ba a sa miki ranar dawowa ba. Likita ta ce jibi da safe."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Yaya ba ta ce komai ba sai, "To, Allah Ya sawwaƙe. A gaida Umma." Tana faɗa tana laluben waya a jaka.

Ban san yadda na iso gida ba. Ina tura ƙofa na tarar da Umma a tsaye a tsakar gida, ba ɗankwali, waya a hannu. Umma da ko shara za ta zubar sai ta rufe kai.

"Auta, me nake ji?"

"Umma, bari in yi wanka tukuna."

"Ba inda za ki. Hajiya ta kira ni tana cewa ashe muna ɓoye musu kina da taɓin hankali. Wai an gan ki a ɗakin mahaukata ana ba ki ranar dawowa. Na ce mata ƙarya ne, na rantse mata. Ki gaya mini ƙarya ne."

Na sunkuyar da kai. "An gan ni."

Ta yi salati, ta dafa bango. Sai kuma ta nufo ni, hannuwanta a buɗe, ta wuce igiyar shanya, ta wuce 'yar kujerar. Ni kuma ban wanke hannu ba, ban cire kaya ba, daga asibiti nake.

"Kada ki taɓa ni!" Ban taɓa ɗaga wa Umma murya ba sai yau. "Kada ki matso! Za ki mutu, Umma, ni zan kashe ki, don Allah ki koma!"

Na ja da baya har na bugi ƙofa, na zame ƙasa. Dutsen ya dawo ƙirjina. Ina jan iska ba ta shiga, hannuwana na rawa a gabana kamar ba nawa ba. Umma ta tsaya cak. Ta ga hannuwan. Ina jin yau ta fara ganinsu da kyau, don kullum daga nesa take hango ni.

Ba ta matso ba. Ta zauna a ƙasa daidai inda take, ta miƙe ƙafafu kamar yadda take yi in ƙafar na ciwo.

"Na tsaya," ta ce a hankali. "Ga ni nan, ban taɓa ki ba. Me likitar ta ce ki yi in ya zo?"

"In... ja numfashi... a hankali."

"To ja. Ni ma zan ja."

Haka muka zauna, ita can ni nan, muna jan numfashi kamar yara masu wasa. Da ya lafa na gaya mata komai. Ta saurara, hawaye na bin fuskarta ba ta share ba.

"Ashe tarin da nake yi ne ke hana ki barci," ta ce. "Ni kuma in na ji motsinki sai in danne shi don kada ki ji."

Bayan la'asar na ji tsayuwar babur a ƙofar gida. Saƙo ya shigo.

"Ina waje. Don Allah ki fito."

Ba "ranki ya daɗe", ba "Sista". Na sa hijabi da takunkumi na fita. Yana tsaye jikin katanga, farar rigarsa duk ta yamutse, ko hula bai sa ba. Na tsaya a bakin ƙofa, nesa da shi kamar kullum.

"Gaskiya ne?" ya ce.

"Wanne daga ciki? In cewa na je ne, na je. In cewa ina jifan mutane a titi ne, ban fara ba tukuna."

"Ba wasa na zo ba," ya ce. "Ina ta turo miki shirme kullum, kina ce mini gajiya ce. Sai a bakin Yaya zan ji? A gaban Hajiya? Ta tambaye ni tun yaushe, na tsaya kamar gunki, ban san komai ba."

"Na rubuta maka. Na goge."

"Me ya sa?"

"Saboda wannan." Na nuna shi, na nuna babur ɗin. "Saboda kada ka zo ka tsaya haka kana kallona kamar ba ka san ni ba."

Ya shafa fuska. Na gaya masa a taƙaice, yadda na saki allura, yadda na gudu, abin da likitar ta ce. Yana ji yana gyaɗa kai, idonsa ya yi ja.

"Na yarda da ke," ya ce. "Wallahi na yarda. Amma Hajiya... Na yi ta fama da ita tun rana. Abin da na samu ta sauko a kai shi ne, ki bar aikin, ki daina zuwa wajen likitar nan, a ce wa dangi gajiya ce ta sa kika je sau ɗaya. In an yi haka magana na nan."

"In ba a yi ba fa?"

Na jira ya ce "bari mu duba." Ko wannan bai iya faɗa ba.

"Malam, aikin ma ban san ko zan iya komawa ba. Wannan a bar shi. Amma likitar, yau ne karo na farko da na yi magana na ji an ji ni. In na daina zuwa, wacce za ka kai gidanka ba za ta iya barci ba, ba za ta bari ka taɓa kofinta ba. Ita kake so?"

Kafin ya amsa wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, ya dube ni. "Ita ce. Ta ce in na iso tana so ta ji daga bakinki."

Ba zan iya karɓar wayar daga hannunsa ba. Ya ɗaga, ya buɗe murya, ya ɗora ta a kan katanga tsakaninmu, ya koma baya.

"Tana nan?" Muryar Hajiya ta cika lungun. "Yarinya, ɗana ya gaya miki sharaɗina. Ni ba na son dogon zance. Kin yarda ko ba ki yarda ba?"

Na buɗe baki zan amsa. Tit, tit, tit, ta fara daga can nesa.

"Ni ce, Hajiya."

Na waiwaya. Umma ce a bayana, cikin soro, da babban mayafinta na fita unguwa. Ban san tun yaushe take tsaye ba.

"Da ni za ki yi magana, ba da ita ba," ta ce. "Ɗazu na rantse miki a kan abin da ban sani ba, ki yafe mini wannan. Yanzu na sani. 'Yata ba ta da lafiya. Wajen jinyar 'ya'yan mutane da iyayensu ta samo ciwon, kuma tana neman magani. Ni ce ma jiya-jiya nake ce mata ta bar aikin, wannan tsakanina da ita ne da Abbanta. Amma likita kam, jibi da safe ni zan raka ta da ƙafata, in zauna a bakin ƙofar, duk mai son gani ya zo ya gani."

Har kukan kajin maƙwabta ina ji.

"To," in ji Hajiya, bayan wani lokaci. "Kai, ka ji da kunnenka. Ka ɗauko babur ɗinka ka taho gida yanzu."

Ta kashe.

Malam ya ɗauki wayar ya sa a aljihu. Ya ciro makulli. Ya dubi Umma, ya dube ni, ya hau babur ɗin ya zauna, makullin na hannunsa bai sa ba. Umma ta ce, "Shigo, Auta, magariba ta yi." Na shiga na tura ƙofar a hankali, na jingina da ita ta ciki, na kasa kunne.

Aka kira salla, aka idar. Umma ta ajiye abinci a kan 'yar kujera har ya huce. Ni ina nan jingine da ƙofar, ban da ƙarfin halin leƙawa.

Har yanzu da nake rubuta muku wannan, ban ji tashin babur ɗin ba.